Tulu Mai Shuɗin Zare

Shafi na 19

Ranar Alhamis ɗin da Mukhtaru ya zo daga Jidda da kifi ita ce rana ta ƙarshe da na ci girkin matata.

Ƙarshen Zulhajji ne, shekarar tamanin da huɗu. Alhazai sun fara watsewa, sun bar mana tarinsu da ɓawon kankana a kowane lungu na unguwarmu ta Misfala. Ba mu daɗe da saukowa daga saman soro ba, inda muka yi zaman aikin hajji kamar kowa, don mai gida ya zuba baƙi a ɗakinmu. Muharram yana bakin ƙofa, watan da a Makka ake sabunta haya ko a naɗe tabarma. Layin da ke gaban namu duk an shafa masa jan fenti, alamar rusau. Namu ake jira.

Masu tambayata a ƙarƙashin shafin jiya ko Mukhtaru mugu ne, ku yi haƙuri. Ni ma ban gama yanke masa hukunci ba, kuma ya daɗe a kabari.

Yayan Shatu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka tako ta Sudan suna yara. Shi ya zama kuku a gidan Turawan wani kamfanin jiragen ruwa a Jidda. Ita ta zama matata, ni Wada mai ɗaurin littattafai, haifaffen Makka, mai tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa, a aljihu. Ita ba ta da takarda ko ta ƙunshin gishiri. A Misfala ba ta buƙatarta. Kowa ya san Shatu mai sobiya, kowa ya san tulunanta da shuɗin zare a wuya.

Sobiya kuwa, ga waɗanda ba su taɓa sha ba, jiƙon sha'ir ne da zabibi da sukari. A kwanansa na farko abin sha ne na malamai. In aka bar shi ya daɗe, ya zama abin da ake kwantar da mutum a yi masa bulala a kai. Tun bayan azumi Mukhtaru yake aiko direba, Sabo, ya kwashi tuluna zuwa Jidda, wai mutanenmu na can suna son sobiyar Makka.

Ran nan bai aiko Sabo ba. Da kansa ya zo, kafin azahar, ba sanarwa.

Abu na farko da na lura da shi, ranar Alhamis Turawansa suke tara baƙi. Kuku ba ya barin murhu ranar Alhamis ko da uwarsa ce ta mutu. Na biyu, da ya shigo bai dubi ƙanwarsa ba. Kusurwar da tuluna suke ya duba.

"Malam Wada," in ji shi, "har yanzu kana nan kana ɗinka wa matattu riga?"

"Ina nan, Yaya. Su ba sa zuwa sai sun aiko."

Ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Ya miƙa wa Shatu kifin, a naɗe cikin jarida, ƙanƙarar ta kusa narkewa.

"Najil ne. Da hannuna na zaɓo a kasuwar kifi ta Bangala da asuba, yana motsi. Ki yi mana sayyadiyya, amma ki hanzarta."

"Saurin me kake yi, Yaya? Ko ruwa ba ka sha ba."

"Yunwa," ya ce.

Shatu ta soya albasa har ta yi duhu, ta dafa shinkafar a cikin romon kifin. Ƙamshin ya sauka har zaure. Da muka dawo daga salla ta ajiye mana tire a tsakiya, ita ta zauna bakin ƙofa da ɗan kwanonta. In mu biyu ne tare muke ci, abin da matan layinmu suka daɗe suna tattaunawa. Amma ba a gaban yayanta ba.

Mai yunwar ya kai loma biyu ya tsaya. Sai baki ya buɗe.

"Wannan kifin, a Jidda abincin lebura ne. Ku zo ku ga inda ake cin abinci. Akwai wani wuri a bakin teku, kana shiga wani ya ja maka kujera, wani ya shimfiɗa maka farin ƙyalle a cinya. Iska tana kaɗa ka. Jirage suna wucewa da fitilunsu."

"Mu irinmu ma ana ja mana kujerar?" na ce.

"Ni ta ƙofar baya nake shiga," ya ce, "amma na gani."

"To ai ni ma na gani a littafi, kuma ban biya kuɗin mota ba."

"Ka bar wasa, Malam. Makka ta ƙare wa talaka. Gobe ko jibi za a shafa muku ja. Ina za ku?"

"Shisha. Shatu ta ga wani ɗaki."

"Shisha! Bayan duwatsu, ba ruwa, ba mai sayen littafi. Ku taho Jidda."

Na ce masa labarin hayar Jidda ya riga shi zuwa. Ɗaki ɗaya a Hindawiyya, marar taga, kuɗin shekararsa ya isa mutum ya yi aure. An ce ma'aikatan tashar jirgi suna haɗuwa su kama gado ɗaya, wannan ya tashi wancan ya kwanta, katifar ba ta taɓa hucewa. A Karantina kuwa gwangwani ne da kwali, shi ma sai ka biya wanda ya riga ka kafa kwalinsa.

"Wannan na baƙi ne," in ji Mukhtaru. "Ni ina da ɗaki a bayan kicin ɗin kamfani. Famfo a ƙofa. Ba wanda zai tambaye ku ko sisi."

"Allah ya saka. Bayan Muharram sai mu duba."

"Ba bayan Muharram ba. Yau."

Shatu ta ajiye kwanonta a hankali.

Shi kuwa ya ci gaba, yana lissafawa da yatsunsa masu maiƙo, kamar mai karanta wa alhaji ƙa'idojin ɗawafi.

"Motar la'asar ta fi, lokacin askarawa sun gaji da rana. Kada a ɗauki akwati, akwati shi ke jawo ido. Ƙunshi ɗaya ya isa. Ta zauna a baya tsakanin matan Larabawa. Ta rufe fuska, ta sa safa, ta ɓoye hannuwa cikin abaya. In an tsaya a shingen bakin gari, ko tari kada ta yi. In an yi mata magana, kai za ka amsa, kai ne mai takarda."

"Yaya," na ce, "ka san abin da ake yi a shingen nan tun da aka sauko daga Mina?"

"Na sani."

"Tace mutane ake yi. Duk baƙar fatar da ba ta da takarda, babbar mota ce, sai tashar jirgi. Ba a tambayar shekarunka nawa a Makka."

"Na ce na sani."

"To wace irin ziyara ce za ka ɗauki ƙanwarka daga inda kowa ya san ta, ka kai ta inda ba wanda ya san ta?"

 Ya ɗauki ƙayar kifi yana juyawa. Can, da muryar da mutum yake tambayar ƙarfe nawa, ya ce:

"Shatu, tulunan da Sabo ya dawo da su ranar Talata. Duk kin wanke?"

"Na wanke."

"Duka?"

"Ban da cikakken."



"Yana ina?"

"Ai tsarabar amarya ce, Yaya. Sabo ya ce Zinariya ta ce a gaishe ni, ta ce kunya ba za ta bar ta ta maido mini da tuluna fanko ba. Wai ruwan inabi ne na manya, irin wanda Turawa suke yabo. Yarinyar nan tana da tarbiyya."

Zinariya ita ce matar da Mukhtaru ya aura kafin hajji. Ba ta daɗe da ƙetarowa ba. An koya mata a gidansu, kamar yadda aka koya wa kowace 'yar mutunci, cewa ba a mayar da mazubin mutane ba komai a ciki.

"Na tambaye ki yana ina."

"Bakinsa a liƙe yake da laka, ban so in ɓata ba. Na ga mu biyu ne, ba za mu shanye ba. Abu na manya kuma..."

"Shatu."

"Na aika wa matar umda."



Umda shi ne mai unguwa. Da bakinsa ake shaida waye ɗan Misfala, waye baƙo. Tun bara Shatu take bin gidansa da kwanuka, don ya shaida aurenmu a shigar da ita cikin takardata kafin rusau ya watsa maƙwabtan da suka san mu. Duk abin kirkin da ya shigo gidanmu, rabinsa can yake tafiya.

Mukhtaru ya goge hannunsa a jikin farar rigarsa, bai ma sani ba.

"Yaushe?"

"Ranar, da yamma."

Na ce, "Yaya, me ke cikin tulun?"

"Kai da ka karanta littattafan duniya sai na faɗa maka?"

"Na fi so in ji daga bakinka. A littafi ba a yin gumi haka."

Ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Sobiyarta ce. Ina ƙara mata inabi, in liƙe, in ajiye a bayan sito ta yi watanni. Turawa ba su da inda za su samu nasu sai jirgi ya zo. Baturen Girka da ke gidan ya ce ko a garinsu sai a sa wannan a tebur."

"Sai ka gode masa."

"Ba sayarwa nake yi a titi ba, Malam. A cikin gida ne, tsakaninsu. Su addininsu bai hana ba."

"Tulun fa, shi ma Kirista ne?"

"Zinariya ce ta shiga siton ba na nan. Ta ga tulunan Shatu a jere, ta ɗauki na can ƙarshe, wanda ya fi daɗewa. Sai jiya da dare na je ɗaukowa saboda baƙin yau, na tarar babu."

"Wato giya ta shigo Makka," na ce, "ta wuce shinge, ta wuce ƙofar Harami a bayan motar Sabo, ta kwana biyu a gidan mai unguwa. Da shuɗin zaren matata a wuyanta."

Ba wanda ya gyara mini.

Na juya wajen Shatu. Ban taɓa yi mata tambaya a gaban wani ba, ran nan na yi.

"Kin sani?"



"Na san ya ce in riƙa ƙara zabibi," ta ce. "Na san Muharram yana zuwa. Na san shagonka na Babus Salam, bakin Harami, an rushe shi, yana ƙarƙashin siminti. Abin da na sani ke nan, Malam. Ban tambaya ba."

Ba ta yi kuka ba. Shatu ba ta kuka a gaban abinci.

Mukhtaru ya ga ƙofa ta buɗe masa, ya shigo da ƙarfinsa.

"Ka ji ko? Ba wanda ya yi don mugunta. Yanzu sauran abu ɗaya. Da zarar an fasa lakar nan, warin kaɗai ya isa. Ba Zinariya za a nema ba, ba ni ba. Mai zare za a nema. Kai za a ce ba ka sani ba, kai ɗan ƙasa ne. Ita bulala ce, kurkuku, sannan jirgi. Gara ta bar garin kafin a zo."

"Da an buɗe tun Talata," na ce, "da tuni an zo."

"Ko ana jiran baƙi. Gobe Juma'a. Ka san gidan umda ranar Juma'a bayan salla."

Wannan gaskiya ce. Maƙaryaci ma yana da ranar da yake faɗin gaskiya, kuma ita ce ta fi ɓarna.

Na tashi na ɗauki hulata.

"Ina za ka?" in ji Shatu.

"In karɓo."

"Malam, kyauta? Ka je ka ce a maido maka da kyauta? Da wane ido za mu sake kallon matar nan?"

"Da idon da ba a yi wa bulala ba."

"In kuma an riga an buɗe," Mukhtaru ya ce, "ka kai kanka ke nan, ka kuma nuna musu kun sani."

"Sai in kai kaina. Ni ina da takarda, Yaya, ka faɗa ɗazu."

A bakin ƙofa na tsaya. Na ce da ita, ba da shi ba:

"Kada ki taka zauren nan sai na dawo. Ko wa ya zo. A cikin gidan nan ke matar Wada ce, layi guda zai shaida. A kan hanya ba ki da suna. Takardar yayanki ma sunan wani uban ne a jiki, ba zai iya cewa ke ƙanwarsa ba ce. Kin ji?"

"To," ta ce.

Tun da na aure ta ba ta taɓa ce mini to ta saɓa ba.

A zaure Goggo Ɗaso tana gyangyaɗi a kan farantin gyaɗarta. Tsohuwa ce da ta riga kowa zuwa layin, ba wanda yake shiga ko fita ba ta gani ba, ko da idonta a rufe.

"Wada, kifi kuka ci ba ku tuna da tsofaffi ba?"

"Naki yana nan, Goggo."

"Wannan surukin naka, tafiyarsa ta mai zawo ce."

Na wuce.

Rana tana tsakiyar kai. Misfala ta mutu da ƙailula, karnuka ma sun shige ƙarƙashin motoci. Gidan umda yana can sama, wajen da lungu ya fara hawa dutse, mai hawa uku da tagogin katako masu huji-huji, irin waɗanda mata suke ganinka kai ba ka ganinsu. Ina hawa ina shirya ƙarya. Na ɗaure littattafan fiƙihu da yawa, na san babin da ya halatta ƙarya don ceton rai. Ban taɓa zaton a kan tulu zan buɗe shi ba.

Na ƙwanƙwasa. Na sake. Can sai murya ta sauko daga taga, da Larabci.

"Waye?"

"Wada ne, mijin Shatu mai sobiya. Umda yana nan?"

"Yana barci. Ka dawo bayan la'asar."

"Wajenki na zo, ya sitti. Tulun da aka kawo ranar Talata. An yi kuskure, jiƙon magani ne na wata marar lafiya, ba na sha ba ne. Za a kawo miki naki."

 

"Wane tulu?"

"Mai shuɗin zare."

"A'a, na Takari? Yana nan inda aka ajiye. Tura ƙofar, ƙarƙashin matakala. Ɗauki kayanka. Ba sai an kawo wani ba."

Na tura.

Ƙarƙashin matakalar duhu ne, wurin gawayi da tsofaffin takalma. Tulun yana nan. Na shafa bakinsa da yatsa. Lakar tana nan daram, ko tsagewa ba ta yi ba.

Da idona ya saba da duhun sai na ga ba shi kaɗai ba ne. Ga kwanon dambun naman da Shatu ta aiko da Layya, a ɗaure cikin ƙyallenta yadda ta ɗaure shi, tururuwa sun yi masa hanya. Ga wani na alkaki, tun na ƙaramar Salla, ya yi furfura. Ga ƙaramin tulun sobiya na azumi, ya bushe. Shekara guda tana hana bakinta tana aikowa. Ba a ci ba, ba a bayar ba, ba a ma zubar an maido mata da kwanukanta ba.

Ashe ba sa cin abin hannunmu.

Na tsuguna a wurin na yi dariya ba sauti. Na yi addu'o'i da yawa a rayuwata, ban taɓa roƙon Allah ya sa a raina mu ba. Sai ga shi ya ba ni ba tare da na roƙa ba, kuma shi ne ya cece mu.

Na saɓa tulun a kafaɗa, na rufe shi da mayafin kafaɗata. Nauyinsa kamar na yaro. Duk takun da na yi sai ya yi ƙara a kunnena. Na wuce wani askari yana shan shayi a inuwa, na yi masa sallama, ya amsa. Ban yi gudu ba. Mai gudu da tulu ana tambayarsa.

Ina saukowa ina jera mata maganar. Zan fara da tulun, in bar ta ta numfasa. Kwanukan kuwa ba zan faɗa mata ba. Na yanke wannan tun kafin in kai kwanar mai burodi.

Da na shiga layinmu, warin fenti na fara ji.

A bangon gidanmu, gefen ƙofa, an zana jar alama, babba, da lamba a ƙarƙashinta. Fentin bai bushe ba, yana zuba siri-siri zuwa ƙasa. Can ƙarshen layi wasu mutum uku na baladiyya, hukumar gari, suna tafiya da bokiti da igiyar awo, askari ɗaya yana biye da su yana hamma.

Goggo Ɗaso ba ta gyangyaɗi. Tana tsaye, abin da na daɗe ban gani ba.

"Wada."

"Sun shafa, Goggo. Dama muna jira."

"Ba wannan ba. Shiga."

Na hau. Tiren yana tsakiyar ɗaki, shinkafar ta huce, ƙudaje sun samu. Kwanonta yana bakin ƙofa, ta ci rabi. Akwatinta yana nan. Abayarta ba ta kan ƙusa.

Na sauko.

"Ina take?"

"Kana fita ba daɗewa, waɗannan suka shigo layi da askari. Suka tsaya daidai ƙofar nan. Askarin ya ɗaga kai ya ce, nan ne gidan mai sobiya? Don ya taɓa saye, ka gane, hira yake yi. Surukinka yana leƙe ta taga."

"Sai me?"

"Sai na ji shi yana cewa, sun zo, sun kama Malam, sun zo. Na ji ta ce Malam ya ce kada in fita. Ya ce Malam yana hannu, in kika tsaya kin ƙara masa laifi, in ba su same ki ba dole su sake shi. Ta nan ya samo ta, ɗan nan. Da ya ce don kanta ne, da ba ta motsa ba."

"Ta ina suka bi?"

"Ta soro, suka sauka gidan Fatsuma maƙwabciyarku, suka fita ta bayan layi. Na ɗaga murya na ce masu fenti ne. Muryar tsohuwa ina za ta kai?"

Tulun yana kafaɗata har lokacin. Ba zan shiga tasha da shi ba, ba zan bar shi a zaure ba. Na sake hawa, na tura shi bayan tarin littattafan da ke jiran bango, na rufe da fata. Wannan hawa da saukar na sha lissafa su daga baya. Ba su da yawa. Sun isa.

Na yi gudu zuwa Jarwal, inda motocin Jidda suke lodi. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a zaune yana liƙa takarda ba ya gudu da kyau. Da na isa ana kiran la'asar. Wurin motar fanko, sai man da ta ɗiga a ƙasa.

"Ta cika da wuri," in ji mai lodi. "Wani baƙar fata ya biya kujerun da suka rage, ya ce sauri yake yi. Shi da wata mata."

"Matan Larabawa fa, akwai a baya?"

"Yau? Ba mace sai ita. Duk 'yan Yaman ne."

Na nemi motar da za ta bi su. Direbobi suka ce sai ta cika. Na ce zan biya, suka dubi rigata suka ci gaba da hira. Wani dattijo ya ce mini in koma gida, in an tsare ta a shinge gida za a aiko, tun da ni mai takarda ne. Na yarda da shi don ba ni da wani abin yarda.

Na koma. Na zauna a zaure kusa da Goggo, fentin yana bushewa a bayana. Ta tura mini gyaɗa, ban taɓa ba. Inuwa ta ci rabin layi, ta ci duka. Yara suka fito, suka sa yatsa a jan fentin, aka kore su.

Gab da magariba na hango farar riga a bakin layi, da tabon maiƙo a ƙirji.

Shi kaɗai.

Yana tafe a hankali, yana bin bango. A hannunsa akwai ƙunshi, na san ƙyallen. A ɗaya hannun takalminta ne, ƙafa ɗaya. Tun daga nan na san an tace ta a shinge.

Na miƙe.

"Yaya, ina Shatu?"

Bai dube ni ba. Ya dubi jar alamar, ya dubi matakala, ya dubi kafaɗata inda laka ta bar shaida. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Ya matso har ina jin warin kifi a jikinsa, ya yi ƙasa da murya don kada Goggo ta ji.

"Malam," ya ce, "an buɗe?"

Ban amsa masa ba. Ran nan ban amsa ba, ranar da ya zo neman gafara ban amsa ba, ya mutu bai sani ba. Amsar ba tasa ba ce. Tun daga ƙarƙashin matakalar umda na ɗauko ta a bakina, mutum ɗaya na ɗauko wa.

Ba su buɗe ba, Shatu. Ko taɓa shi ba su yi ba.